Muryar da Madamu Ta Kama

Salamu alaikum, ku da ke riƙe da waya kuna murza ta da babban yatsa. Kalla ne, na Gidan Jika, yamma da Deule. Ban taɓa zama bencin lakwal ba, boko ban yi ba, ina faɗi ne ana rubutawa, amma abin da ke cikin kaina babu mushen da ya haddace rabinshi. Rijiya ta rufta da ni na fito. Yunwa ta share gari ta bar ni tsaye. To yau ba labarina zan ba ku ba, ko da yake ya fi daɗi. Labarin Madamu Marta ne, malamar lakwal da ta zauna gidana. Abin da ban gani da idona ba, da bakinta ta gaya mani daga baya, don haka kada wani ya tambaye ni ƙaƙa na san abin da ke cikin zuciyar budurwa.

Bayan girbi ta iso, shekarar da sanƙarau zai faɗo mana, saman motar kasuwa tsakanin buhunan albasa. Atamfa mai ruwan ganye, ɗaurin kallabi irin na 'yan Madawa mai hanci a gefe, takalmi fari wanda jar ƙasar Adar ta gama da shi tun kafin ta kai ƙofar gida. Kirista ce, ɗiyar mutanen da ke zaune kewayen likitar mishan, asibitin nan da ke can bakin kwalta. Maigari ya ce ta sauka wurina, don duk garin ni kaɗai ke da ɗaki mai ƙofar kwano. Ta yarda anka sauke katifarta da akwatinta da risho, amma wani abu da ta naɗe cikin tawul ta rungume a ƙirji ba ta bari kowa ya taɓa ba. Mata har sun fara ƙus-ƙus wai jinjiri ne.

Manyeto ne. Irin rediyon nan mai cin kaset, baƙi, mai hannu a sama, maɓallanshi jere kamar haƙora, ɗaya daga ciki ja. Mun san rediyo, mun san kaset na waƙa da 'yan cirani ke kawowa. Abin da galibinmu ba mu taɓa gani ba shi ne a ce muryar ɗan gidanka ce ke fitowa daga ciki.

"Ɗiyata, kiɗa kinka zo yi ko karatu?" na tambaye ta.

Ta yi dariya. "Baba, yaranmu ba daƙiƙai ba ne, tsoron bakinsu suke ji. Yaro ya faɗi kalma da faransanci, a ce mashi kuskure, bulala ta sauka, shi ko bai san inda kuskuren yake ba, don bai taɓa jin kanshi ba. Ni so nake ya ji da kunnenshi."

Ta tsara abinta tsaf. Yanzu kowane yaro zai faɗi sunanshi da na iyayenshi ya karanta layi ɗaya, ta ajiye. Kafin damina ya sake karantawa, a kunna mashi na farko da na biyu, ya ji tafiyar da ya yi. Ansifekta, mai duba malamai, zai zo daga Buza ya gwada ta kafin a tabbatar da ita a aiki, kuma da wanga take son ta tarbe shi. In ya gani ya yarda, burinta kowace lakwal daga Buza har Keita ta samu irinshi. Tana magana idonta na ƙyalli. Na ce a raina, yarinyar nan da namiji ce da ta yi komanda.

Kuma abin ya ci. Yaran da a da sai an kora su da kara, sai ga su tun da hantsi sun yi layi. Yaro ya ji muryarshi ya toshe baki ya faɗi ƙasa yana dariya. Da an tashi sai su bazu cikin gari suna fariya.

"Yau Madamu ta kama ni!"

"Ƙarya kake, ni ta fara kamawa!"

"Inna, Madamu ta kama ni ta sa cikin akwati, na ji kaina ina magana!"

Iyaye na dariya. Ita ma Marta sai kalmar ta zauna mata a baki. "Wa ban kama ba tukuna?" haka take cewa cikin aji, hannuwa su tashi sama.

Akwai saurayi, ai kun san ba a rasawa. Yoshuwa, mai yin allura a likitar mishan, dogo, mai tsaga a gashi, wando da karin guga kamar wuƙa. Ran Asabar yake zuwa bisa moto, babur ɗin nan nashi. Wasu samari turare suke kai ma budurwa, shi pil, batiran rediyo, yake cika aljihu da su saboda manyeto.

"Likita, yau ma ba ka kawo mani ko alawa ba?" in ji Marta.

"Kishiyata nake ciyarwa. In ta ƙoshi ƙila ki dube ni."

An riga an kai kayan tambaya, an sa biki bayan damina. Uwarshi dai ba ta so zaman Marta a ƙauye ba, takan aiko da saƙo ta bakin direbobi: a gaya mata matar aure ba ta yawo da rediyo. Marta ta ji ta yi murmushi ta aika mata da busasshiyar kuɓewa.

Sai bazara ta kama, sanƙarau ya shigo. Wanda bai ga shekarar nan ba kada ya ce ya ga ciwo. Yaro ya kwana lafiya, da rana kai ya ɗau zafi, wuya ya ƙage, kafin a ɗaura ma jaki amalanke an gama. Anka rufe lakwal. Yoshuwa ya daina zuwa, don ko wurin kwana ba su da shi a likita, majinyata har gindin itace. Cikin 'yan ajin Marta mutum ɗaya ciwon ya ɗauka: Nasiba, 'yar siririya mai wushirya, ɗiyar Biba matar Halidu mai ɗinkin tabarma.

Da abin ya lafa anka buɗe lakwal. Yara sunka dawo jiki a sanyaye, ba mai ɗaga hannu, ba mai dariya. Marta ta dube su zuciyarta ta karye. Ta ce bari ta kunna masu muryoyinsu na farkon shekara ko sa saki jiki. Ta gaya mani ta san Nasiba na ciki, ta yi niyyar in an kusa kai gare ta ta tsallake. Amma ajin ba ƙofa ba taga sai ramuka, akuya ta shigo ta tasar ma allunan yara, ta juya korar ta.

Hanyar rijiya kuwa ta bayan ajin ta bi.

Muryar Nasiba ta fito, ƙarama, tas kamar tana tsaye wurin. Ta faɗi sunanta da faransanci, sa'annan ta ƙyalƙyale da dariyar nan tata da kowa ya sani.

Tulu ya fashe a waje. Biba ce. Matan da ke tare da ita sunka zubar da nasu, wata ta kurma ihu, wata ta durƙushe tana salati. Yara sunka yi waje ta kowane rami. Kafin Marta ta kai hannu ga maɓalli, rabin gari ya taru. Ni na riga kowa isowa, don ko a lokacin samari ba su kamo ni da gudu.

Biba ba ta yi kuka ba. Tana tsaye, zane jiƙe sharkaf, idonta kan akwatin. Surukarta, tsohuwa Gogo, ita ta kutsa gaba da sanda.

"Ke baƙuwa. Jikata da munka binne, mi take yi cikin kayanki?"

"Gogo, ba ita ba ce, murya ce kawai, na'ura ce..."

"Ban tambaye ki na'ura ba. Kin kama ta ko ba ki kama ta ba?"

Da ni ta kalla da na girgiza mata kai. Amma bakinta ya riga ya saba.

"Na kama ta, Gogo, amma tun tana da rai, tun kafin ciwo..."

Ku 'yan birni ƙila ba ku gane ba. A wurinmu mutum ɗaya ne ke kama yaro tun yana da rai ya ajiye, daga baya yaron ya kwanta ya mutu. Maye ne. Kurwa yake kamawa ya ɓoye cikin tulu ko ƙarƙashin murhu. Ga budurwa ta faɗi da bakinta gaban jama'a: na kama ta, tun kafin ciwo. Sai da kalmar ta fita ta ji ta da kunnen mutanen gari, alli ya faɗi daga hannunta.

"Ta amsa!" in ji wata. "Wallahi ta amsa!"

"Namu ma suna ciki! Duk ta kama su!"

Na shiga tsakani na buɗe hannuwa, na ce duk wanda ya taɓa baƙuwata sai ya bi ta kaina. Ba wanda ya gwada, sun san ni. Na sa ta gaba har gida, manyeto a ƙirjinta.

Daga ranar gari ya juya mata baya. Mai nono ta daina tsayawa ƙofarmu. In ta fito, uwaye su janye 'ya'yansu su rufe masu fuska da zane. Aji ya koma ita da benci. Dirakta, shugaban lakwal, wanda shi ma baƙo ne, ya ce ta zauna gida har ƙura ta kwanta, yana maganar yana kallon ƙasa. Maigari ya aiko: ran Lahadi da hantsi ta zo fada da akwatinta, ta saki abin da ta kama gaban kowa.

Magana ba ta jiran mota, amma wagga har mota ta hau. Ran Asabar sai ga Yoshuwa, ya rame, ido ya faɗa, ba pil a aljihu. Sunka zauna zaure, ni ina gefe ina gyaran igiya, kunnena ko yana wurinsu.

"Inna ta ji," ya ce. "A kasuwar Madawa anka tare ta da zancen. Har cikin zumuntar mata an yi maganar."

"Ita ma ta yarda? Mai zuwa majami'a kowace Lahadi?"

"Ba ta ce ta yarda ba. Cewa ta yi sunan ya riga ya fita. Kin san abin da ake cewa, maita a nono ake shan ta. Ta ce ba za a nuna jikokinta da baki a ce ga 'ya'yan mayya ba, ba mai aurensu, ba mai cin tuwonsu."

"Kai fa?"

Ya murza goshi. "Marta, ni na ga abin da ya kashe yaran nan, a hannuna sunka yi ta mutuwa. Ba sai kin tambaye ni ba. Amma ki taimake ni. Gobe ki ƙone kaset ɗin gaban maigari, ki hau bayana mu tafi, ki bar aikin. In kin dawo gida shiru, Inna za ta sauko."

"In na ƙone ai na amsa ke nan. Na ce da gaske akwai abin da na riƙe."

"In ba ki ƙone ba su ƙone ki da shi!"

"Ba zan ƙone ba. Zan kunna masu. Su ji 'ya'yansu masu rai suna ciki, ga su kuma suna yawo lafiya. Su gane ƙarfe ne da zare. Abin da na zo koyarwa ke nan, Yoshuwa. In yara sun tashi suna tsoron akwati, mi na yi a garin nan?"

Ya miƙe ya ce zai je ya gaida dirakta, ya fita ko sallama babu. Ita ta shige ɗaki ta faɗa kan katifa. Ta ce mani a lokacin ta ƙirga abin da ya rage mata a duniya ta ga babu: suna ya tafi, aiki na tafiya, ga mijin ma ya kama hanya.

Rana ta take, gari duk an shige inuwa, sai ta ji ana taɓa ƙofar kwano a hankali. Ta buɗe. Biba ce, ta ratso ta dangar baya, ta lulluɓe har ido. Marta ta ja da baya, ta zaci wuƙa ce cikin mayafin.

Biba ta durƙusa bakin ƙofa. "Madamu, ba faɗa na zo ba. Wagga da ke ciki... tana jin ƙishirwa?"

Marta ta ce da mari matar ta kwaɗa mata da ya fi mata sauƙi. Ta jawo ta ciki ta zaunar kan tabarma, ta buɗe manyeto ta ciro kaset ta nuna mata zaren. Ta yi bayani iyakar iyawarta: ba mutum ciki, kamar sawun ƙafa ne a kan rairayi, mai ƙafar ya wuce. Biba na gyaɗa kai, amma a fuskarta ka san ba bayani ta zo nema ba.

"A sa ta ta yi magana."

Marta ta mayar da zaren daidai wurin ta kunna. Yarinyar ta faɗi sunanta, ta yi dariya. Sai muryar Marta tana cewa ta faɗi sunan uwarta. Sai yarinyar ta koma Hausa: "Madamu, in faɗi nata? Ita fa ba ta taɓa faɗin nawa ba." 'Yan aji sunka kwashe da dariya cikin akwatin.

Nasiba 'yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce, haka munka tarar. Tun ran suna har ran da anka ɗauke ta cikin tabarma, Biba ba ta taɓa ce mata komi ba sai "ke" da "wagga". Ko a makoki ba ta da damar yin kuka a fili.

Ta sa anka maimaita mata. Ta sake sawa. Sa'annan ta ce, "Ƙaƙa ake shiga?"

Marta ta ɗauka tambaya ce irin ta mai son sani, kuma malama ce, ba a tambayarta ta ƙi amsawa. Har daɗi ta ji, ga mutum ɗaya a garin na son ya gane. Ta nuna mata: wanga ja da na kusa da shi, a danna su tare, sai a yi magana. Ta mayar da zaren farkon muryar yarinyar don ta ƙara kunna mata, sai ga ƙarar moto a ƙofar gida. Gabanta ya faɗi kada Yoshuwa ya tafi da fushi. Ta ce ma Biba tana zuwa, ta fita da gudu ba kallabi.

Ba tafiya zai yi ba, wurin dirakta zai kwana, jakarshi ya zo ɗauka. Sunka daɗe tsaye cikin rana, ita tana roƙo shi yana roƙo, ba wanda ya sauko. Da ta koma ɗaki Biba ta tafi. An lulluɓe manyeto da tawul, an kalmashe gefensa kamar yadda ake rufe yaro mai barci. Marta ta mayar da zaren can farko saboda gobe, ba ta saurara ba.

Ran Lahadi fada ta cika har kan katanga. Maza gaba, mata baya, an hana yara zuwa. An riga an hura wuta a kasko an ajiye tsakiya. Marta ta sa farar rigarta ta zuwa majami'a da zane mai ruwan bula, ta zauna kan tabarma ta ajiye akwatin gabanta. Ni ina damanta da sandata. Yoshuwa can gefe jingine da moto, hannu a ƙirji.

"Ranka shi daɗe," ta ce, "kafin a sa komi a wuta, ina roƙon a saurara. Duk wanda ya ji ɗanshi ya faɗi ko yana lafiya."

Maigari ya ɗaga hannu. Ta danna.

Ɗan maƙeri ya fito yana in'ina. Uban ya zabura, sa'annan ya ce ƙasa-ƙasa, yana gida yana cin ɗumame. Ɗiyar liman ta fito. Tana lafiya. Wani, wata, duk suna lafiya. Na ga fuskoki sun fara saki, wani ma har ya yi murmushi da ya ji ɗanshi na kokawa da faransanci. Marta ta ɗan samu numfashi. Ta ce, "Yanzu ta gaba ita ce marigayiya. Duk iri ɗaya ne, ba bambanci."

Akwatin ya yi ƙwas. Sai numfashi, na babban mutum. Sai murya.

"Nasiba."

Wallahi gashin jikina ya tashi, ni da ban san tsoro ba.

"Nasiba. Nasiba. Ni ce. Kin ce ban taɓa faɗi ba, to ga shi na faɗi. Kullum ina faɗi, a ciki nake faɗi. Nasibata. Kitson da na fara maki ban ƙarasa ba, gefe ɗaya anka tafi da ke. Ki yafe mani. In kina ji ki amsa, ba kowa nan, ni kaɗai ce."

Sai kuka, irin wanda ake danne shi da zane.

Ba wanda ya motsa. Liman ya sunkuyar da kai. Mata sunka rufe baki, kowa ya juya yana neman Biba. Halidu mijinta ya miƙe tsaye ya koma ya zauna, ya rasa inda zai sa idonshi. Gogo ta ɗora hannu a ka. "Ta kama uwar ma! Mun shiga uku, ta haɗa da uwar!"

Marta ko ta daskare. Ita kaɗai da Yoshuwa sunka san abin da ya faru. Na'urar nan in sabuwar murya ta hau, ta ƙasa gogewa take yi, ba ta dawowa har abada. Biba da yatsanta ta shafe abu ɗaya da ya rage na ɗiyarta a duniya.

Biba ta taso daga cikin mata, ta ratsa maza, abin da mace ba ta yi a fada. Mayafi ya zame ba ta gyara ba. Ta durƙusa gaban akwatin.

"Ba wanda ya kama ni, da ƙafata na je," ta ce. "Madamu, bar shi ya ci gaba. Yanzu za ta amsa."

Zaren ya ci gaba. Kukan ya yanke, ƙwas, sai ga wani yaro na karatu.

"Ina take? Nan take jiya. Mayar baya."

Maigari ya sunkuyo. "Madamu, ana tambayarki. Ina yarinyar?"

Ga ƙofa ta buɗe mata, ta gan ta sarai. Ta ce: ranka shi daɗe, ga shaida, na'ura ce, an yi magana a kai ta goge, a kawo kowa in gwada yanzu. Da ta faɗi haka ta wanku, aiki ya dawo, biki ya tsaya. Yoshuwa ya bar jikin moto ya matso, yana yi mata alama da ido: faɗi, faɗi. Sai dai faɗin yana nufin ta dubi matar nan da ke durƙushe ta ce mata, ke kinka shafe ta.

Ta dubi Biba. Hannun matar na kan akwatin yana shafa shi.

"Ba ta ciki kuma, Biba," in ji Marta. "Da kinka kira sunanta, ta fita."

Biba ta rufe ido. Ta sauke wata ajiyar zuciya da na ji ta har inda nake. "Alhamdu lillahi," ta ce. "Ashe ta ji."

Fada ta ɗauka gaba ɗaya. Ta fita! Ashe tana ciki! Da bakinta ta sake faɗi! Gogo na buga sanda a ƙasa, samari sun miƙe, wani ya jawo kaskon wuta kusa. Marta ta naɗe hannuwa a cinya ta sunkuyar da kai. Ta ce mani ba ta ko nemi Yoshuwa da ido ba, jira take kawai ta ji tashin moto.

Sai ga takalminshi gaban tabarma. Ya tsuguna, wandon nan mai karin guga cikin ƙasa. Ya ciro kaset ya juya bayanshi ya mayar, ya danna ja da na kusa da shi. Ya ɗaga murya yadda har na kan katanga za su ji.

"Ni ne Yoshuwa ɗan Ishaku, mai allura. Da hankalina, da rana tsaka, gaban maigari. Marta ta kama ni. Kada kowa ya wahala wurin sako ni." Ya juyo gare ni. "Baba Kalla, kana zuwa Madawa ran kasuwa. Yadda ka ji, haka za ka kai ma Inna, kada ka rage."

Marta ta ɗago, baki buɗe, hawaye har haɓa.

Bai tsai da na'urar ba. Ya ɗauke ta da hannu biyu, ya ajiye a bakin buzun maigari, dab da gwiwarshi, ya koma ya zauna kusa da Marta kan tabarma ɗaya.

"Ranka shi daɗe, muna sauraren hukunci."

Ta ɗan gilashin ana ganin zaren yana juyawa. Gogo ta buɗe baki, ta kalle shi, ta rufe da tafin hannu. Wanda ya jawo kasko ya ja da baya a kan yatsun ƙafa. Wani tsoho tari ya taso mashi, ya danne har idonshi ya yi ja. Maigari ya gyara rawani, ya cika ƙirji da iska, ya dubi jama'arshi, ya dubi abin da ke juyawa gaban gwiwarshi.

Ya haɗiye maganar.